Me ya sa manhaja ba ta tuna cewa na bar ta cike da allo?

Tambayar ta fito ne daga wani malami mai kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a Ɗorayi, nan cikin Kano. Suna da kwamfutocin tebur guda 12 da ɗalibai ke gwajin jarrabawar JAMB a kansu ta cikin Chrome, da laftof ɗaya da yake haɗawa da majigi idan zai koyar. Kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna F11 domin shafin gwajin ya cika allo, washegari kuma ya tarar sun koma yadda suke. Wani ya ce masa bairos ne, wani ya ce batirin cikin kwamfutar ne ya mutu. Ƙaninsa kuma yana rubuta musu tasu manhajar ta gwaji, yana son sanin yadda zai sa ta riƙa tunawa.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri bisa wannan hidima da kake yi wa yara. Bari in fara da kwantar maka da hankali: ba bairos ba ne, kuma kada ka bari kowa ya karɓi kuɗinka da sunan zai goge kwamfutocin ya sake zuba musu Windows a kan wannan. Batun batiri ma ba shi ba ne. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin kwamfuta, CR2032, aikinsa riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke tashi da shi kafin Windows ta buɗe. Idan ya mutu, alamarsa ka kunna ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta fara ƙin buɗe shafuka tana ƙorafin tsaro. Babu ruwansa da girman taga.

Abu biyu ake yawan haɗawa, kuma sai an raba su sannan sauran bayanin zai zauna. Akwai faɗaɗa taga, wato ka danna ɗan murabba'in nan na tsakiya a saman dama, tagar ta baje ta cika wuri amma kana ganin sunanta a sama, kana ganin alamar X, kana ganin layin ƙasa mai agogo. Akwai kuma cika allo, abin da F11 ke yi, inda komai ke ɓacewa sai shafin kaɗai. A ido sun yi kama, amma a wurin Windows hanyar jirgi daban ta mota daban. Tun asali Windows matsayi uku ta sani ga taga: matsakaiciya, wadda aka naɗe ƙasa, da wadda aka faɗaɗa. Tana da kayan aiki na musamman da mai rubuta manhaja zai kira, GetWindowPlacement da SetWindowPlacement, ɗaya ya karanto masa wurin da taga take da girmanta da matsayinta cikin ukun nan, ɗaya ya mayar da ita haka. Cika allo ba ya cikin lissafin. Manhajar tebur ta gargajiya idan za ta cika allo, dabara take yi da kanta: ta cire gefunan tagarta da kanta na sama, ta tambayi faɗi da tsawon allon, ta miƙe daidai da shi. A wurin Windows wannan taga ce kawai marar gefe da ta yi girma. Don haka ba za ta tuna maka abin da ba ta ma san sunansa ba.

To wa ke tunawa? Manhajar ce da kanta, idan wanda ya rubuta ta ya ga dama. Ka ɗauki misalin yaron shago a Kantin Kwari. Idan an tashi kasuwa sai ya zauna ya rubuta a littafi abin da aka sayar da abin da ya rage, gobe da safe a buɗe littafin a ɗora daga nan. Haka manhaja take yi. Lokacin rufewa tana rubuta 'yar takarda: ina kusurwa kaza, faɗina kaza, tsawona kaza, a faɗaɗe nake ko a'a. Lokacin buɗewa ta karanta. Wasu suna ajiye takardar a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER, wasu a ɓoyayyiyar foldar AppData. Firefox tana rubuta girman tagarta da wurinta a fayil mai suna xulstore.json. Chrome tana da fayil mai suna Preferences, a cikinsa akwai sashen window_placement, inda za ka ga lambobin sama da ƙasa da hagu da dama, da layi ɗaya da ke cewa an faɗaɗa ko ba a faɗaɗa ba. Ka duba sashen da kyau, babu layin cika allo. Ke nan matsalarka ta farko ba mantuwa ba ce. Chrome ba ta rubuta zancen F11 ba tun farko, balle ta karanta shi gobe.

Kuma da gangan ne ake yin haka, ba kasala ba ce. A nan nake so ka ɗan tsaya, domin ni kaina na daɗe ina ganin abin a matsayin gazawa kafin aiki ya koya mini dalilin. Allon da ya cika ba shi da ƙofa a bayyane. Wanda ya danna F11 da saninsa ya san zai sake danna F11 ya fita. Amma ka tuna yawan mutanen da ke danna shi bisa kuskure, musamman a laftof inda maɓallan sama suke haɗe da na ƙara sauti da hasken allo. Sau da yawa an kawo mini kwamfuta shagona ana cewa intanet ta lalace, wurin rubuta adireshi ya ɓata, alhali F11 ne yaro ya taɓa. Irin wannan mutumin abin da ya sani shi ne ya kashe ya kunna. Idan ya kunna ta dawo daidai, ya huta. Da a ce burauzar tana tunawa, da ya kunna sau goma yana tarar da ita a kulle, ba X, ba layin ƙasa, ba hanyar fita da ya sani. A ganina masu ƙera Chrome sun auna wahalar mutum irinka da zai danna maɓalli ɗaya kowace safiya, da wahalar wanda zai maƙale gaba ɗaya, suka zaɓi su tausaya wa na biyun.

Ga kuma batun 'yan damfara. Shafin da ya cika allo zai iya zana hoton layin ƙasa na ƙarya da gargaɗin ƙarya cewa an kulle kwamfutarka, ka kira lamba kaza ko ka biya kuɗi. Shi ya sa aka kafa ƙa'ida cewa shafin intanet ba ya iya cika allo da kansa sai mutum ya danna wani abu da hannunsa, kuma da zarar ya cika sai burauza ta fito da saƙo a sama tana gaya maka ka danna Esc ka fita. Hatta fayil ɗin PDF yana iya ɗauke da umarnin a buɗe shi cike da allo, amma Adobe Acrobat Reader sai ta yi maka gargaɗi ta nemi yardarka tukuna. Duk tsoron abu ɗaya ne.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Visual Studio Code, manhajar da Microsoft ta fitar a 2015 wadda na tabbata ƙaninka da ita yake aiki. Tana tuna tagogin da ka bari da fayilolin da ka buɗe, amma cika allo an ware masa saiti nasa daban mai suna window.restoreFullscreen, kuma a kashe yake zuwa. Wanda ya san abin da yake so shi zai je ya kunna. A ganina wannan shi ne adalci.

Dalili na biyu ya fi shafar mu 'yan Kano fiye da waɗanda suka rubuta manhajojin. Yawancinsu sai lokacin rufewa suke rubuta takardar. Idan an ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu nan take, ko janareta ya tsaya babu UPS, na'urar nan mai riƙe wuta na ɗan lokaci, ko ɗalibi ya danne maɓallin kashewa har ta ɗauke numfashi, ko aka kashe soket daga bango saboda an tashi, yaron shago bai samu zama ya rubuta komai ba. Gobe littafin jiya za a buɗe, ko na makon jiya. Mafi muni shi ne wutar ta ɗauke ana tsakiyar rubutun, fayil ɗin ya yanke rabi. Manhajar ta zo karantawa ta ga shirme, sai ta yar da shi ta koma saitinta na ranar farko. Idan ka taɓa ganin wata manhaja ta wayi gari ta manta komai, har harshe da launin da ka zaɓa, sau da yawa wannan ne.

Ko ba a ɗauke wuta ba akwai wani tarko. Idan ka danna Shut down alhali manhajar tana buɗe, saƙon da Windows ke aika mata daban yake da wanda take aikawa idan ka danna X. Manhajar da aka koya wa rubutu a lokacin X kaɗai ba za ta rubuta komai ba idan Shut down ne ya rufe ta. Haka nan idan tagogi biyu ko uku na manhaja ɗaya suna buɗe, galibi wadda aka rufe ƙarshe ita ke cin gado. Ka faɗaɗa babbar, ka rufe ta, ka bar wata 'yar ƙarama a baya ka rufe daga baya, gobe 'yar ƙaramar za ka gani.

Sai abu na uku da nake so ka bincika kafin ka taɓa komai. Ɗakunan kwamfuta na makarantu da shagunan intanet da yawa ana sa musu manhajar daskarewa irin Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take ranar da aka daskare ta duk lokacin da aka sake kunnawa. Abu ne mai kyau a wurin da yara ke taɓe-taɓe, amma ma'anarsa duk abin da aka rubuta yau gobe babu shi. Gwajin mai sauƙi ne: ka ajiye wani ɗan fayil a fuskar kwamfutar, ka kashe ta yadda ya kamata, ka kunna. Idan fayil ɗin ya ɓace, a daskare take, kuma sai wanda ya sa ta ya narkar da ita da kalmar sirrinsa, ka yi gyaran da zan faɗa, sannan a sake daskarewa. In ba haka ba za ka yi aikin awa biyu ya tafi a banza.

Yanzu ga abin da nake ba ka shawara, kuma shi ne zuciyar amsata: a kwamfutocin ɗalibai ka daina neman manhaja ta tuna. Ka ba ta umarni tun daga bakin ƙofa. Tunawa tana buƙatar a rufe lafiya jiya, wuta ta tsaya, yaro bai taɓa komai ba. Umarni ba ya buƙatar ko ɗaya, domin a jikin alamar da ake dannawa yake zaune.

Ka danna alamar Chrome da ke fuskar kwamfutar da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties. Za ka ga layi mai suna Target, ɗauke da adireshin da ya ƙare da chrome.exe da alamar zance. Ka je can ƙarshe, bayan alamar zancen, ka bar tazara ɗaya, ka rubuta:

--start-fullscreen

Ƙananan layuka biyu ne a farko, ba ɗaya ba, kuma tazarar nan wajibi ce, ita ce mutane suka fi mantawa. Bayan wannan za ka iya ƙara wata tazarar ka rubuta adireshin shafin gwajinku, domin ta buɗe kai tsaye a kansa. Da wannan umarni Chrome za ta tashi cike da allo, F11 kuma yana nan yana aiki idan ana son fita. Idan kuwa so kake ɗalibi ya kasa fita da F11 ya je ya buɗe wani shafin ana tsakiyar gwaji, maimakon wancan ka rubuta:

--kiosk

A wannan yanayi babu wurin rubuta adireshi, F11 ba ya fitarwa, sai Alt da F4 ke rufe ta. Firefox ma ta karɓi wannan umarni na --kiosk tun fitowarta ta 71 a Disambar 2019. Edge tana da shi, sai dai ana ƙara mata --edge-kiosk-type=fullscreen, kuma ka sani a yanayin nan a ɓoye take aiki, ba ta ajiye tarihi ko shigar da aka yi, don haka idan shafinku yana buƙatar kalmar sirri kullum sai an sake sawa.

Abu ɗaya kan sa mutum ya yi duk wannan ya ce bai yi aiki ba. Umarnin yana tasiri ne kawai idan babu wata Chrome da ke gudana. Idan akwai taga a buɗe, ko tana aiki a ɓoye bayan an rufe ta, sabuwar tagar za ta bi sahun tsohuwar ta yi watsi da umarninka. Ka shiga saitin Chrome, sashen System, ka kashe zaɓin da ke barinta ta ci gaba da aiki a baya bayan an rufe. Idan kana so ma ka huta da dannawar gaba ɗaya, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta shell:startup, folda za ta buɗe, ka kwafi alamar nan da ka gyara ka zuba a ciki. Daga ranar, da an kunna kwamfuta an shiga, shafin gwaji zai fito da kansa ya cika allo. Ka yi a guda ɗaya, ka gwada ta kwana biyu, sannan ka kwafi alamar a filas ka raba wa sauran goma sha ɗayan.

Kada dai ka ɗauki --kiosk a matsayin kwaɗo. Yaro mai wayo zai danna Alt da Tab ko maɓallin Windows ya fice. Don gwajin yau da kullum ya wadatar. Idan jarrabawa ce ta gaske mai maki, akwai Safe Exam Browser, kyauta ce, an gina ta musamman don ta toshe waɗannan hanyoyin, kuma Windows nau'in Pro tana da tsarin Assigned Access da ke kulle asusu guda a kan manhaja guda. Tun da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, yaron da ya saba da allon da babu abin da ke cikinsa sai tambaya da agogo ya riga ya rage wa kansa rabin fargabar ranar, don haka ƙoƙarin da kake yi ba ƙaramin abu ba ne.

A wancan wurin na Properties, ƙasa kaɗan, akwai layin Run mai zaɓi uku, ciki har da Maximized. Wannan faɗaɗawa ce, ba cika allo ba, kuma roƙo ne Windows ke miƙa wa manhajar, wasu su karɓa wasu su ƙi. Ga wadda ta ƙi, tsohuwar dabara tana nan: kada ka danna murabba'in, ka ja gefunan tagar da linzami har su kai bakin allo, ka rufe da X. Manhajar da ba ta tuna faɗaɗawa sau da yawa tana tuna girma. VLC kuwa tana da nata zaɓin a saitin bidiyo da ke sa kowane fim ya fara cike da allo. Darasin PowerPoint kuma ka adana shi a matsayin .ppsx maimakon .pptx, da an danna shi zai fara nuni ba tare da ka nemi F5 ba.

Laftof ɗinka ta koyarwa kuwa shawarata ta bambanta: ka bar ta a faɗaɗe kawai, kada ka tilasta mata cika allo. Dalili majigi ne. Laftof ɗin hannu da suka cika Beirut Road da Farm Centre da yawansu allonsu 1366 ne a 768, tsofaffin majigai 1024 a 768, talabijin na yanzu 1920 a 1080. Manhajar da ta tuna girma da wuri a kan ɗaya tana iya buɗewa a karkace a kan ɗaya, ko ta tafi allon da babu shi. Wannan ya taɓa faruwa da ni a aikin da na yi wa wani ɗan kasuwa. Na rubuta masa manhajar lissafin kaya, na sa ta tuna komai har da allon da take kai, domin yana son ta fito a talabijin ɗin da ya rataye a shago. Ranar da aka ɗauke talabijin ɗin aka kai gyara, manhajar ta ci gaba da buɗewa a wurin da babu allo. Alamarta tana layin ƙasa, ita kuma ba a ganinta. Ya kira ni hankali a tashe, yana zaton lissafin bashinsa na shekara ya salwanta. Babu abin da ya ɓata, amma ban manta muryarsa ba, kuma tun daga ranar ban sake rubuta manhajar da ke komawa wani allo ba tare da ta fara tabbatar yana nan ba.

Idan irin haka ta same ka a aji, ka danna alamar manhajar a layin ƙasa, sannan ka riƙe maɓallin Windows da Shift ka danna kibiyar hagu ko dama, tagar za ta tsallako. Ko ka danna Windows da P ka zaɓi Duplicate. Ka lura, majigin da aka kashe amma wayarsa tana jone, Windows tana iya ci gaba da lissafa shi a matsayin allo na biyu. Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, ta ƙara zaɓi a saitin Display da ke tuna inda tagogi suke gwargwadon allon da aka jona, ya rage wannan wahala sosai.

Ga mai Mac labarin ya sha bamban, domin tun OS X Lion ta 2011 Apple ta mayar da cika allo matsayi na hukuma, tare da tsarin dawo da tagogi yadda aka bar su. A saitin Desktop & Dock akwai zaɓin rufe tagogi idan an fita daga manhaja. Ka kashe shi, yawancin manhajoji za su dawo yadda ka bar su. A Linux kuma, sabon tsarin nuna tagogi mai suna Wayland yana barin manhaja ta nemi cika allo ko faɗaɗawa, amma ba ya barinta ta zaɓi wurin da tagarta za ta zauna. Na ambata ne kawai don wanda zai karanta wannan da irin waɗannan na'urori.

Saura ƙaninka, kuma don Allah ka nuna masa wannan sashe. Ɗan'uwa, cikin kayan gina manhaja, idan da Qt kake aiki an sauƙaƙe maka: saveGeometry da restoreGeometry tare da QSettings suna riƙe girma da wuri da faɗaɗawa da cika allo, kuma suna jawo tagar idan za ta faɗa wajen allo. Idan Electron ne, babu abin da yake tunawa da kansa, kai za ka rubuta, ko ka ɗauki kunshin electron-window-state. Kuskuren da na fi gani a wurin masu farawa shi ne su tambayi girman taga alhali tana cike da allo, su adana shi a matsayin girmanta na kullum. Gobe ta buɗe ƙatuwa, ba cike da allo ba, ba a faɗaɗe ba, X ɗinta ya haura sama ko ƙasanta ya shige bayan layin agogo. Ka ajiye abu biyu daban: girmanta na asali, wanda getNormalBounds ke bayarwa, da matsayinta. Wajen buɗewa ka fara ba ta girman asali, sannan ka ɗora matsayin a kai, ta yadda idan mutum ya fita daga cika allo zai faɗo kan taga mai hankali. Idan an rufe ta tana naɗe a ƙasa, kada ka dawo da ita a naɗe, mutum zai zaci ba ta buɗe ba ya yi ta dannawa.

Kuma ka tuna a Kano za a yi amfani da ita, ba inda wuta ke shekara ba ta ƙifta ba. Kada ka jira lokacin rufewa. Ka rubuta a duk lokacin da matsayin ya canza, bayan ɗan jinkiri na sakan ɗaya ko biyu don kada ka yi ta rubutu ana tsakiyar jan taga. Bayanan Electron da kansu sun faɗa cewa a Windows saƙon before-quit, mai sanar da manhaja cewa za a rufe ta, ba ya zuwa idan kashe kwamfuta ko fita daga asusu ne ya rufe manhajar, don haka wanda ya dogara da shi kaɗai zai sha mamaki. Wajen rubutun kuma ka fara zubawa a fayil na wucin gadi, in ya kammala ka sauya masa suna ya maye gurbin tsohon, ta yadda ko wuta ta ɗauke a tsakiya tsohon yana nan lafiya. Idan ka zo karantawa ka tarar da shirme, kada manhajar ta faɗi, ta buɗe da matsakaicin girma a tsakiyar babban allo. Saitin taga kuma kada ya kwana fayil ɗaya da makin ɗalibai, don lalacewar ɗaya kada ta ja ɗaya.

Game da ko ta tuna cika allo ko kada ta tuna, ra'ayina a manhajar makaranta shi ne kada ka bar abin a hannun tunawa ko kaɗan. Ka yi mata fuska biyu. Ta ɗalibi kullum cike da allo take buɗewa, ko jiya an rufe lafiya ko ba a rufe ba, fita kuma sai da kalmar sirrin malami. Ta malami taga ce ta kullum mai tuna girmanta da faɗaɗawarta, da ɗan akwati a saiti ga wanda yake so ta riƙa dawowa cike da allo, a kashe tun farko. A duk inda allo ya cika a ɓangaren malami, a sami rubutu a sama na 'yan daƙiƙu, da Hausa, da ke cewa wane maɓalli ne na fita.

Kafin ka miƙa ta, ka gwada ta a ɗakin kwamfutar yayanka, ba a laftof ɗinka ba. Ka cika allo ka zare filogi daga bango, ka kunna ka gani. Ka jona majigi ka kai ta can, ka rufe, ka zare majigin, ka buɗe. Ka danna Shut down tana buɗe. Ka ba wani ɗalibi da bai taɓa ganinta ba ka tsaya a bayansa ka yi shiru na minti biyar. Kai kuma Malam, ka fara da gwajin ɗan fayil ɗin nan na daskarewa gobe da safe, kafin yara su shigo.